Leda mai falle-falle: ganuwar da ke tsaron abinci

Wannan jawabi ne na karantawa cikin cibiyoyin karatun manya. Mai karantawa ya tanadi abu 3: ledar madara wadda aka juye, albasa guda, da allura.

 

Yau magana bisa leda ce. Ba baƙar ledar nan da mai tebur ke zuba ma mutum kaya ciki ba. Magana bisa ledar nan ce mai zane a waje, mai walƙiya a ciki. Ita ce ake sayar da madarar gari cikinta, da tumatir, da biskit. Ita ce ledar gishirin zawo. Ita ce kuma ledar abincin tamowa da ake ba yara a gidan likita.

Kowa ya taɓa ganin wannan leda. Yara na wasa da ita, iska na yawo da ita bakin kasuwa. Amma kaɗan ne suka san yadda aka yi ta. Wanda ya san yadda aka yi ta, ya san abin da zai saya da abin da zai ƙi. Ya san kuma yadda zai ajiye wakensa har bazara ba tare da ya zuba masa guba ba.

MAƘIYAN ABINCI 4

Abinci yana da maƙiya 4.

Na 1, iska. Cikin iska akwai wani kashi da ake ce ma oksijan. In aka raba iska kashi 5, kashi 1 oksijan ne. Da shi mutum ke numfashi, da shi bisashe da ƙwari ke numfashi. Shi ne kuma ke ɓata mai. Man gujiya da ya daɗe a buɗe yakan sake ƙanshi, ya riƙa ƙaiƙayin maƙogwaro. Aikin oksijan ne.

Na 2, laima. Gishiri da sukari sukan jiƙe da damana ko ba a zuba masu ruwa ba. Ruwan cikin iska suke sha. Madarar gari ma haka take. Da ta sha laima sai ta dunƙule, daga nan sai fumfuna.

Na 3, hasken rana. Yana kashe launin abinci, yana rage wasu bitamin, yana ƙara ma mai saurin lalacewa.

Na 4, masu rai: ƙwaro, ɓera, da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani.

Kakanni sun san waɗannan maƙiya sarai. Don haka suka shanya kuɓewa da nama. Don haka suka zuba mai cikin tandu suka toshe. Don haka tsofaffi mata ke cuɗa wake da toka ko da rairayi, su zuba cikin tulu, su liƙe bakin da laka. Toka na cika wurin da iska za ta zauna, laka na hana wata iskar shiga. Dabarar da masana'antu ke yi yau ita ce dai ta kakanni. Abin liƙewar ne kawai ya sake.

FALLE NAWA KE CIKIN LEDA GUDA?

A yanka albasa a duba. Daga waje kamar abu guda ce. A ciki ɓawo ne bisa ɓawo. Ledar madara haka take. Ido na ganin falle 1, amma falle 3 ne ko 4 aka manne wuri guda. Wanda ya yaga ledar a hankali daga gefe, wani lokaci yakan ga fallen suna rabuwa.

Mi ya sa ba a yi ta da falle guda mai kauri ba? Domin babu wata roba guda da ta iya dukan aikin. Wata ta iya tsare ruwa, amma iska na ratsa ta. Wata ta iya tsare iska, amma ba ta manne baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Fallen waje, roba ce mai ƙarfi da ake ce ma poliyesta. Ba ta miƙewa, ba ta jin zafi da sauri. Ita ke ɗaukar zane da rubutu. Galibi ana buga rubutun a fuskarta ta ciki, sannan a manne ta da falle na 2. Shi ya sa rubutun ba ya gogewa ko an murza shi, kuma tawadar ba ta taɓa abinci.

Fallen tsakiya, alminiyom ne, irin ƙarfen da ake ƙera tukunya da shi. An daddanne shi cikin inji har ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Falle 100 nasa in an jera bisa juna ba su cika milimeta 1 ba. Duk da haka shi ne babbar ganuwa. Haske ba ya ratsa shi, iska ba ta ratsa shi, laima ba ta ratsa shi. Amma shi kaɗai ba shi da ƙarfi. Ko yaro na yaga shi da yatsa. Don haka ake rufa masa roba gaba da baya.

Fallen ciki, shi ke taɓa abinci. Roba ce mai taushi da ake ce ma poliyetilan. Daga man fetur ake yin ta. A Ingila aka gano ta, shekara 1933. Tana tsare ruwa ƙwarai. Babban aikinta shi ne liƙe baki. Ga yadda abin yake. Ruwa na tafasa a digiri 100. Poliyetilan na narkewa kusa da digiri 110. Poliyesta kuwa sai wajen digiri 250. To, in inji ya matse bakin leda da ƙarfe mai zafi, fallen ciki ya narke ya manne da ɗan'uwansa, fallen waje bai ji kome ba. Layin nan mai ƙwari-ƙwari da ake gani a bakin leda, shi ne wurin da ƙarfen ya matsa.

Ba kowace leda mai walƙiya ke da fallen alminiyom na sosai ba. Wata, turirin alminiyom kawai aka fesa ma robar. Ta fi arha, tana tsaro, amma ba ta kai waccan ba. Ga yadda ake ganewa. A dunƙule ledar cikin hannu a saki. Mai fallen ƙarfe takan zauna a dunƙule. Mai feshi takan warware ta koma yadda take. In an ɗaga mai feshi wajen haske, akan ga ɗan haske na ratsowa.

Akwai kuma wadda ba a sa mata ƙarfe ko kaɗan. Ana narka roba iri-iri, a turo su tare ta baki guda na inji, su fito manne da juna, falle 5, ko 7, ko 9. Ta tsakiya wata roba ce mai tsare iska, amma tana tsoron laima. Sai a ɓoye ta tsakanin fallayen poliyetilan masu tsare ruwa. Wannan ta kare waccan, waccan ta kare wannan.

Kwalin madarar ruwa da na ruwan lemu da ake gani a kantunan Yamai da Maraɗi, shi ma ɗan gidan ne. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Tetra Pak ya shahara da shi. Falle 6 gare shi. Kamar kashi 3 cikin 4 na nauyinsa takarda ce, saura roba da ɗan alminiyom. Ana dafa madarar da zafin digiri 135 ko fiye, na ƴan daƙiƙoƙi, a zuba ta cikin kwali mai tsabta a liƙe. Tana yin wata 6 ba tare da firij ba. Amma da an buɗe kwalin, ta koma kamar madarar da aka tatso yanzu. Ba ta jira.

ABINCIN TAMOWA

Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da shekara 2005 ba. Damanar 2004 ba ta yi kyau ba, ga fara. Hatsi ya yi tsada. Yara da yawa suka kamu da tamowa mai tsanani.

A da, yaron da tamowa ta kama ƙwarai sai an kwantar da shi a gidan likita. Madara ta musamman ake dama masa da ruwa mai tsabta, sau da yawa dare da rana. Uwa ta bar gida, ta bar gona, ta bar sauran ɗiyanta, ta zauna mako da makonni. Gadaje kuma ba su isa.

A shekara 1996 wasu Faransawa 2, likita André Briend da injiniya Michel Lescanne, suka haɗa wani abinci da suka sa ma suna Plumpy'Nut. Niƙaƙƙiyar gujiya ce da madarar gari, da sukari, da mai, da bitamin. Ba a dafa shi, ba a dama shi da ruwa. Yaro na tsotsa daga leda. Leda guda garam 92 ce. A shekara 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu cikin jihar Maraɗi. Akasarinsu a gida suka warke. Uwa ta zo sau 1 a mako, a auna yaro, a ba ta ledojin mako, ta koma garinsu. A wannan shekara kuma aka soma yin abincin a Yamai, a masana'antar STA.

To, a yi tunani. Abincin nan mai ne da madara, abubuwa 2 da iska da zafi ke saurin ɓatawa. Ga shi ana ɗaukarsa a mota cikin ranar bazara, ana ajiye shi cikin ɗakin laka. Duk da haka yana kai wata 24 lafiya lau. Dalili 2 ne. Kusan babu ruwa cikinsa, don haka ƙwayoyin cuta ba su samun wurin yaɗuwa. Kuma leda mai falle-falle ta tsare shi daga iska da haske da laima. Da cikin baƙar leda aka ƙulla shi, da bai kai ko'ina ba.

Saboda haka uwa ta kiyaye abu 4. Ta wanke hannunta da na yaro da sabuni kafin ta buɗe. Ta ba yaro ruwa mai tsabta ya riƙa sha, domin abincin na sa ƙishirwa. In yaro bai cinye ba, ta naɗe bakin ledar ta rufe cikin kwano mai marfi, a cinye kafin kwana 1. Kuma kada ta raba ma lafiyayyun yara, kada ta kai kasuwa. Magani ne, an ƙidaya shi daidai nauyin mai ciwo.

Gishirin zawo ma ledarsa irin wannan ce. Leda guda ta lita 1 ta ruwa mai tsabta ce. In an buɗe aka tarar garin ya jiƙe, ya dunƙule, ko ya yi ja, laima ta shiga. A nemi wata.

BUHU MAI CIKI 3

Yanzu magana ta zo kan manomi. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya. Amma kowane manomi ya san ƙwaron wake. Tun a gona yake soma ƙwai bisa kwanso. Tsutsa ta shige cikin ƙwaya, ta ci, ta girma, ta huda ta fito ƙwaro. Duka cikin kamar wata 1. Mace guda na yin ƙwai 50 ko fiye. Buhun da aka ɗinke da kaka babu huji ko kaɗan, bayan wata 5 ko 6 sai a tarar da gari da ƙwari.

Tsoron haka ke sa manomi sayar da wakensa tun da kaka, lokacin da kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Da bazara kuma ya je ya sayi na shuka da tsada. Wani kuwa sai ya zuba maganin ƙwari cikin buhu, har da wanda ba na abinci ba. Waken da ya sha irin wannan magani yana sa ciwo, yana kisa. Yana ɓata ciniki kuma. A shekara 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu cikinsa.

Wajen ƙarshen shekarun 1980, masanan jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Larry Murdock, suka yi aiki da masanan Kamaru a Marwa. Suka ga cewa in an sa wake cikin leda, aka sa ledar cikin wata, aka ɗaure da kyau, ƙwari na mutuwa ba tare da magani ba. A shekara 2007 aka soma babban shirin yaɗa wannan dabara cikin ƙasashe 10 na Afirka ta yamma da ta tsakiya. Nijar na ciki. Masanan INRAN na Maraɗi, cikinsu har da Ibrahim Baoua, sun yi gwaje-gwaje da yawa a kai. An riƙa ɗaure buhu gaban jama'a da kaka, a dawo bayan watanni a kwance shi gaban jama'a. Sunan buhun PICS.

Buhun nan falle 3 ne shi ma, sai dai ba a manne su ba. Ledoji 2 ne na poliyetilan mai kauri, da saƙaƙƙen buhu a waje. Kaurin kowace leda mikiron 80 ne, watau in an jera 12 ko 13 sun yi milimeta 1. Akwai na kilo 50, akwai na kilo 100.

Yaya yake kashe ƙwari? Ƙwarin da ke ciki suna numfashi. Suna cinye oksijan ɗin da ya rage tsakanin ƙwayoyi. Sabuwar iska ba ta shiga sai ƴar kaɗan. Da oksijan ya yi ƙasa, sai su daina ci, su daina ƙwai, jikinsu ya bushe, su mutu. Da bakinsu suke haƙa kabarinsu. Leda ta 2 tana ƙara tsare iska. In ƙwaro ya huda ta ciki, ta 2 na nan. Saƙaƙƙen buhu kuwa shi ke ɗaukar nauyi da ja da gogayya.

Ga yadda ake aiki da shi:

1. Wake ya bushe ƙayau. A sheƙe shi, a fid da tsakuwa da itace da duk abin da ke iya huda leda. Mai shakka ya zuba busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, ya ƙara ɗan wake, ya toshe, ya girgiza, ya bari jim kaɗan. In gishiri ya manne jikin kwalba, a koma shanya. Ɗanyen hatsi cikin leda ruɓewa yake.

2. A gwada kowace leda ita kaɗai. A kaɗa ta ta cika da iska, a riƙe bakin, a danna. In ta sace, akwai huji.

3. A zuba wake kaɗan cikin leda ta 1. A sa ta cikin ta 2. A sa su duka cikin saƙaƙƙen buhu.

4. A cika a hankali, ana girgizawa don wake ya zauna. A bar wurin ɗauri.

5. A matse iska ta fita. A murɗe bakin leda ta 1, a lanƙwasa shi, a ɗaure. Sannan ta 2, ita kaɗai. Sannan buhu. Ɗauri 3 ke nan, ba ɗauri 1 ba.

6. A aza buhu bisa itace ko katako, nesa da bango, cikin inuwa. A share wurin don ɓera. Kada a riƙa kwancewa ana ɗiba kullum. Waken ci na yau da gobe a ware shi dabam.

Buhun na yin gero, da dawa, da masara, da gujiya. Irin shuka ma na tsira da kyau in an ɗaure shi a bushe. Wanda ya kula da ledojinsa yana aiki da su kaka 2 ko 3.

HUJIN ALLURA

Mai karantawa ya ɗauki ledar madara, ya hura ta, ya riƙe bakin. Ta kumbura. Ya soka mata allura, ya danna. Kowa ya ji iskar na fita.

Nan ne maganar yau ta taru. Falle 3 ne ko falle 9 ne, huji guda ya isa ya rushe aikinsu duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masana'anta ta yi nata aiki. Saura na ɗan kasuwa, da na mai saye, da na uwargida.

Mai saye ya duba abu 5 kafin ya miƙa kuɗinsa.

Ya duba baki. In layin liƙewar ya ɓalle, ko gari na zuba, ko gefen ya yi maiƙo, ya bari.

Ya duba wurin ratayewa. Masu tebur sukan rataye jerin ledoji da ƙusa ko da waya. In ƙusar ta bi ta gefen da aka liƙe, babu laifi. In ta ratsa cikin ledar, kayan ya sha iska.

Ya duba launi. Ledar da zanenta ya koɗe ta daɗe cikin rana. Alminiyom na tsare haske, amma ba ya tsare zafi.

Ya taɓa ya ji. Madarar gari mai kyau tana motsi kamar rairayi. In ta yi tauri, laima ta shiga. Ledar tumatir ko ta wani abu mai ruwa in ta kumbura, ƙwayoyin cuta ne ke aiki ciki. Ko kyauta ce kada a karɓa. Amma ledar busasshen abu mai saurin karyewa, tun daga masana'anta ake hura mata wata iska marar oksijan don kada kayan ya farfashe. Wannan kumburi ba laifi ba ne.

Ya duba kwanan wata. Ana buga shi da lambobi: rana, wata, shekara. Wani lokaci wata da shekara kawai. In lambobi iri 2 ne, galibi na farko ranar yi ne, na 2 ranar ƙarewa. Sau da yawa akan ga haruffa EXP kusa da ranar ƙarewa. Wanda ya iya karanta lambobi ba a sayar masa da tsohon kaya.

Akwai ƴan kasuwa masu kwance babban buhun madara su ƙulla kaɗan-kaɗan cikin farar leda. Wannan leda falle 1 ce. Ba ta da suna, ba ta da kwanan wata, ba ta tsare iska ko haske. A saya daidai abin da za a sha ranar. Jariri kuwa nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6.

Ƙungiyoyin mata masu sarrafa abinci su ma su lura. Busasshiyar kuɓewa da yakuwa na zama cikin leda mai kauri in an liƙe ta da kyau. Amma abu mai mai, kamar ƙuli-ƙuli, da kilishi, da garin kunun yara mai gujiya, shi ya fi buƙatar leda mai falle-falle in ana so ya daɗe. Kuma ko wace irin leda ce, sai kaya ya huce ya bushe sannan a liƙe.

BAYAN AN JUYE

Abin da ya ba wannan leda ƙarfi shi ne kuma matsalarta. Tsohuwar tukunyar alminiyom maƙeri na narka ta ya zuba sabuwa. Tsohon bokitin roba ana niƙa shi a sake wani. Amma leda mai falle-falle, roba iri 2 ce da ƙarfe manne da juna. Raba su na da wuya, yana da tsada. Ba ta kuma ruɓewa kamar ganye ko ƙwarya. Tana yin shekaru da yawa cikin ƙasa.

Akuya da tunkiya na jin ƙanshin gishiri ko na mai jikin leda, su haɗiye. Leda ba ta narkewa cikin tumbi. Dabba ta riƙa ramewa alhali cikinta na cike. Mahauta sun sha fid da dunƙulen leda daga tumbin bisashe. Ledar da aka kwashe tare da taki zuwa gona tana hana ruwa shiga ƙasa, tana tare saiwa. A birni tana toshe magudanar ruwa, sauro ya samu gida.

Gwamnati ta yi doka mai lamba 2014-63, ranar 5 ga Nuwamba 2014. Ta hana yi, da shigowa, da sayar da ledoji marasa kauri. Amma doka ba ta share ƙofar gidan kowa. Ga abin da kowane gida zai iya:

A tanadi tsohon buhu ko tulu mai marfi na tara ledoji, inda awaki ba su kai.

A tsince leda daga taki kafin a kai gona.

Kada a hura wutar girki da leda. Hayaƙinta na cutar da ƙirji, musamman na mai girki da na goyon da ke bayanta.

Ledojin abincin tamowa, in likita ya ce a maido su, a maido su duka.

Ledar buhun wake da ta huje ba ta mutu ba. Tana rufe kaya daga ruwan sama, tana zama shimfiɗar shanya.

Buhu ko leda ko bido da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, kada a sa masa abinci ko ruwan sha, ko an wanke shi sau 10.

Jama'a, manomi ya sha rana wata 4 kafin wake ya shigo gida. Uwa ta yi tafiyar ƙafa mai nisa kafin ta karɓo abincin ɗanta. Kada hujin allura ya cinye wannan wahala. A duba kafin a saya, a gwada kafin a zuba, a ɗaure da kyau. Allah ya ba da lafiya, ya sa albarka ga abin da aka noma.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA

1. Su wane ne maƙiyan abinci 4?
2. Mine ne aikin fallen alminiyom? Mi ya sa ake rufa masa roba gaba da baya?
3. Mi ke kashe ƙwari cikin buhu mai ciki 3?
4. Wace dabara tsofaffin wannan gari ke yi don ajiyar wake? Ina ta yi kama da ta buhun?
5. Ina ya kamata garin nan ya riƙa tara ledojinsa?

LISSAFI

1. Tiya 1 ta wake kamar kilo 2 da rabi ce. Tiya nawa ke cika buhun kilo 100?
2. Kwalin abincin tamowa na ɗauke da leda 150. Kowace leda garam 92 ce. Garam nawa ke cikin kwali?